Ƙasusuwan Kaka da Bukkar Gwaggo Tianggur

Ranar da Baffa Halomoan ya sauko daga jirgin fito da wata doguwar takarda naɗe a hammatarsa, Gwaggo Tianggur tana gonar albasarta. Ni na je na kira ta. Ta taho tana goge hannu a zani, bakinta ya ƙi rufuwa don murna, domin rabon Baffa da tsibirinmu na Samosir, da ke tsakiyar tafki, tun jana'izar babana, ƙanensa.

"Halomoan! Kai ne da wannan tumbin? Lallai Jakarta ta karɓe ka."

"Yaya, ke kuwa kina nan kamar busasshen kifi, ba kya ƙaruwa ba kya raguwa."

Ta yanka masa kazarta mai ƙwai. Da aka gama ci, sai ya warware takardar a kan tabarma, a tsakiyar tsohon gidan katakon da Gwaggo take zaune ita kaɗai. Tarombo ce, jerin zuriyarmu daga uba zuwa ɗa. Ya ce ya yi ritaya, 'ya'yansa sun tashi a birni ba su san asalinsu ba. Saboda haka zai fitar da littafin tarihin Kaka Mangatur, kakansu shi da Gwaggo, sannan a gina masa tugu, hasumiyar kabari irin ta sauran gidaje, a tattara ƙasusuwan magabata a ciki.

Idon Gwaggo ya yi rauni, sai ta ce, "Nuna mini Baba."

Ya ɗora yatsa. Daga sunan Kaka layi biyu suka sauko. Na Aleksander, uban Baffa, ya yi rassa har ya cika takarda. Na Josep, uban Gwaggo, ya tsaya a kan wani ɗan gicciye.

"Wannan alamar fa?"

"Nan layin ya ƙare. Baffa Josep bai bar ɗa namiji ba."

"Ya bar ni."

"Yaya, kin san al'ada. Mace a gidan mijinta ake rubuta ta."

"Wadda ba ta da miji fa?"

Baffa ya yi dariya yana naɗe takardarsa. "Sai ta yi haƙuri, Allah ya san da zamanta."

Babu wanda bai san dalilin rashin aurenta ba. Ita ta yi jinyar Kaka tana budurwa, ta yi ta uwarta, ta yi ta ubanta. Kafin ta binne na ƙarshe, masu neman aurenta sun yi jikoki.

Ni Baffa ya ɗora wa aikin binciken, saboda ina koyarwa a garin Pangururan, kusa da gida. Na yi ta bin coci-coci ina buɗe tsofaffin kundayen baftisma da gara ta ci gefensu. Na samo shekarar da aka yi wa Kaka baftisma yana saurayi, da sunansa cikin ɗaliban makarantar horar da malamai, da sa hannunsa a ƙarƙashin jerin mutanen da ya binne a shekarar annoba. Amma takarda ƙashi ce kawai. Naman a wurin Gwaggo yake. Kowace Asabar sai in hau babur in je, in same ta tana tsinke albasa, in karanta mata abin da na samo, ita kuma ta ba ni sauran. Ita ta gaya mini yadda ya karya ƙafa a hanyar dutse yana ɗauke da allon makaranta, da yadda ya ɓoye shinkafar gari a ƙarƙashin coci lokacin yaƙi, da waƙar da yake rerawa idan ciwo ya dame shi.

Wata rana na ce mata, "Gwaggo, a kundin baftisma an rubuta cewa wata mace daga gidansu ce ta kawo shi. Ba a sa sunanta ba."

Ta ajiye wuƙar. "Rumintang ke nan, ƙanwar ubansa. Maraya ne, ita ta goya shi. Da saƙarta ta kai shi makaranta. Da zai mutu ba matarsa ya yi ta kira ba, ita ya yi ta kira."

Na rubuta wannan na aika wa Baffa. Ya bugo mini waya.

"Lamria, tarihi muke rubutawa, ba hirar tsofaffi ba. Akwai takardar da ta nuna sunan?"

"Babu, Baffa. Amma labarin karyewar ƙafar ma babu takarda, ka ce a sa."

"Wannan daban. Cire matar."

Zuwansa na biyu, da akwatin Kaka ya tafi. A ciki akwai Littafi Mai Tsarki da sandarsa da hotonsa ɗaya tilo, da kuma ulos ɗin da ya yafa wa Gwaggo da hannunsa, mayafin saƙa na albarka. Ta riƙe gefen mayafin.

"Wannan nawa ne, Halomoan. Ni ya ba."

"Hoto kawai za a ɗauka a dawo miki da shi. Kuma ki duba yadda asu ya fara cin sa a hannunki. Kayan tarihi ne, ba na mutum ɗaya ba."

Ta saki.

Zuwansa na uku, da kafintoci ya zo. Ya ce bincike ya tabbatar Kaka ne ya kafa ginshiƙan gidan nan da kansa, don haka za a gyara shi ya zama gidan tarihin zuriya, a jera kayan Kaka a gilashi. Hayaƙin murhun Gwaggo yana ɓata katakon, kuma tsanin da ake hawa a shiga gidan ya yi mata tsawo a shekarunta.

"Don lafiyarki ne, Yaya. In kika faɗo wa za a zaga? Ni."

"Tun ina rarrafe nake hawan tsanin nan."

"To ai shi ya sa ya kamata ki huta."

Aka buga mata bukka a bayan gida, kusa da inda maƙwabta suke ɗaure ɓaunarsu ta noma, da ragowar katako da tsohon kwanon da aka cire daga rufin gidan. Aka ce na ɗan lokaci ne, kafin a gama aiki. Da aka gama, aka sa wa gidan kwaɗo, Baffa ya tafi Jakarta da mabuɗin. Gwaggo takan share ƙofar kowace safiya, ta leƙa ta tsakanin katako ta ga hoton Kaka a bango.

Sai maganar filin tugu ta taso. Dattawan zuriya suka zagaya, suka ce babu inda ya dace kamar tudun da ke kallon tafki, inda duk wanda ke cikin jirgin fito zai hango. Tudun nan shi ne gonar albasar Gwaggo. Daga ita take ci, daga ita take sayen gishiri da maganin ƙafa.

Ranar da aka kira taron zuriya a kan maganar, na kasa yin shiru. Mu 'ya'ya mata wurinmu a taro shi ne bakin ƙofa, muna zuba kofi. Na ajiye butar na ce, "Baffa, in an karɓi gonar, me Gwaggo za ta ci?"

Wani dattijo ya ce, "'Yar wa ce wannan?"

Baffa ya ce, "'Yar marigayi ce, boko ya yi mata yawa." Sannan ya juyo gare ni. "Gonar ta Baffa Josep ce, shi kuwa bai bar magaji ba, ta dawo hannunmu tun ranar da ya mutu. Shekara da shekaru muka bar mata tana ci, ba mu ce komai ba. Yanzu Kaka yana buƙatar ɗan wuri, shi ne za a ce mun yi zalunci? Kuma wa ya ce za ta yi yunwa? Duk wata za a riƙa aiko mata."

An aiko a watan farko da na biyu. A na uku aka ce kuɗin siminti ya tashi. Daga nan sai ni, da ɗan abin da albashina ya iya, da matar maƙwabcinta Nai Pesta da take miƙo mata kwanon shinkafa ta kan shinge.

Albasar ko nuna ba ta yi ba aka sa mota ta niƙe ta. Gwaggo ta bi bayan motar da kwando tana tsintar abin da ya tsira. Direban ya leƙo ya ce, "Kaka, matsa mana, kada ki ja mini magana."

Na roƙe ta ta dawo wurina a Pangururan. Ɗaki ɗaya ne amma ba ya yoyo.

"In na tafi wa zai cire wa Baba da Inna ciyawa a kabari? Kuma za a tono su a kai su sabon gida, dole ina nan. Ni zan wanke su." Ta yi ɗan murmushi. "Bari dai in ga Baba ya shiga inuwa, sai ki yi yadda kike so da ni."

Wannan begen ne ya riƙe ta duk tsawon ginin. Damina ta zo, kwanon bukkar ya yi ta zuba, ta jera tukwane a ƙasa. Tari ya kama ta. Ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Duk da haka kullum da yamma sai ta ja jiki ta je ta zauna a kan dutse tana kallon magina, tana tambayarsu wane ɗaki ne na wa. Tugun ya tashi hawa uku, da farar tayil da rufi mai ƙyalli, da mutum-mutumin Kaka a sama riƙe da littafi.

Ranar tonon ƙasusuwa dangi suka cika gari, daga Medan da Jakarta da Batam, motoci har bakin coci. Fasto ya yi addu'a, aka fara da kabarin Kaka. Da aka kai ga ƙashi, aka miƙo wa 'ya'ya mata kamar yadda aka saba, aka kawo ruwan lemun tsami da kurkum. Matan birni suka ja da baya suna ɗaga waya. Gwaggo ta durƙusa da kumburarrun ƙafafunta ta karɓa. Ta wanke ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai yi wa jariri wanka. Da ta zo kan ƙashin ƙafa ta shafa wurin da ya ɗore a karkace.

"Ga shi nan. Nan yake cewa in danna masa." Ta ɗauki ƙoƙon kan da hannu biyu, ta kawo shi kusa da fuskarta. "Kaka, ni ce Tianggur. Ka ga gidan da aka yi maka? Ko ɗigo ba ya yi."

Aka tono matar Kaka, aka tono Aleksander da matarsa. Gwaggo ta wanke su duka. Sannan masu haƙa suka saɓa fartanyoyinsu suka nufi inda ake rabon abinci.

"Kai, samari, saura biyu. Ga su can ƙarƙashin bishiya."

Babbansu ya ce, "Huɗu aka ce mana, Kaka."

Ta miƙe da ƙyar ta nufi Baffa, hannunta rawaya da kurkum. Yana tsaye cikin baƙar kwat, an yafa masa ulos a kafaɗa.

"Halomoan, Baba fa?"

Ya ja ta gefe yana waige. "Yaya, rage murya, surukai suna ji. Dattawa sun zauna a kan maganar. Tugu na waɗanda suka bar baya ne. In aka sa wanda layinsa ya yanke, ana tsoron abin ya bi jikoki. Kin san ɗana Togar har yanzu mata kawai yake haifa."

"Shi ne ɗan fari. Shi ya biya maka kuɗin makaranta da ubanka ya kwanta ciwo."

"Na sani, Allah ya saka masa. Ba ni na yi al'ada ba, tarar da ita na yi. Nan gaba za a yi musu ɗan gini a inda suke."

"Ka bar ni na wanke uban kowa."

"Yaya, don Allah. Yau ranar farin ciki ce."

Ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta juya ta tafi ƙarƙashin bishiyar, ta zauna tsakanin kaburburan biyu. Na bi ta na zauna. Can muka jiyo kiɗa ya tashi, ana hawa da ƙananan akwatunan da aka sa ƙasusuwan zuwa tudu ana rawa. Ta ce, "Baba, yi haƙuri. Da na zo namiji da yau kana sama." Daga nan kukan ya ƙwace mata, irin na tsofaffi, marar sauti, sai kafaɗa ke rawa.

An yi kwanaki ana biki. An yanka ɓauna, an raba nama bisa matsayi, kowane gida aka kira sunansa aka miƙa masa rabonsa. Ba a kira gidan Josep ba. Baffa ya hau mumbari ya ɗaga sabon littafin, ya ba da labarin karyewar ƙafa da na shinkafar da aka ɓoye, har ya rera waƙar Kaka, mutane suna share hawaye suna cewa wannan bawan Allah ya yi bincike. A shafin godiya akwai sunan fasto da na mai ɗab'i da na duk wanda ya ba da gudummawa, har da nawa. Ita kuwa a lokacin tana bayan rumfa gaban baho, domin wanke-wanke aikin 'ya'ya mata ne. Matar Baffa ta leƙo ta ce, "Yaya, ki bar wa yara mana," ta ajiye mata wani tulin faranti ta wuce.

Wata jikar Baffa, 'yar jami'a, ta tambaye ni, "Anti, wace ce wannan tsohuwar? Mai aiki ce?"

Da baƙi suka watse, Gwaggo ta kwanta. Na ce mata alkawari ya cika, ta biyo ni. Ta ce, "Yanzu kuma su biyu ne kawai a wajen, in bar su?" Na kawo ma'aikaciyar jinya, ta duba ta, ta ce ruwa ya taru a ƙirjinta, sai an kai ta babban asibiti a ƙetaren tafki, kuma ko an sallamo ta kada ta koma wannan danshin. Na buga wa Baffa waya.

"Baffa, ko mabuɗin gidan ka aiko, ta koma ciki. Bukkar nan ce ke kashe ta."

"Lamria, an sa wa katakon nan magani mai tsada, ba a hura wuta a ciki. Kuma kin san aljihun kowa ya huje da bikin nan. Ki ba ta maganin tari. Tsufa ne, ba a yi masa asibiti."

Na buga wa ɗansa Togar, ya ce maganar manya ce. Na je wurin dattijon da ya jagoranci taro, ya ce shi a kan matattu aka naɗa shi, rayayyu kowa da danginsa. Na sake neman Baffa, ya ce in bari sai Kirsimeti, zai zo da kansa ya duba lamarin.

Ni da Nai Pesta muka yanke shawarar mu ɗauke ta ko tana so ko ba ta so. Na nemo mota. Da na iso da hantsi na tarar da Nai Pesta a ƙofar bukkar, ta rufe fuska da zani. Ta ce da safe ta kawo mata kunu, ta same ta a zaune ta jingina da bango, rai ya yi halinsa, fuskarta tana kallon ƙofa, an yi ruwa da asuba tabarmar duk ta jiƙe.

Wadda ta mutu ba aure ba ɗa, ba a yi mata kiɗa, ba a yanka mata ɓauna. Fasto ya yi addu'a, maƙwabta suka haƙa rami kusa da ubanta, kafin azahar an gama. Daga Jakarta babu wanda ya zo, an ce tikiti ya yi tsada a ƙarshen shekara. Amma Baffa ya aiko da allon furanni, irin manyan nan da ake jingina wa a bakin hanya, ya fi ƙofar bukkar tsawo. A ƙasa an rubuta sunansa da manyan baƙaƙe, da digirorinsa, da muƙamin da ya riƙe. A sama an rubuta: Muna jimamin rasuwar 'yar'uwarmu Tiominar.

Na tsaya ina karantawa. Na ɗauki hoto na aika masa, na ce sunanta Tianggur. Ya amsa da yamma: "Masu furen ne suka yi kuskure. Ai kowa ya san wa ake nufi."

Wannan shi ne karo ɗaya tak da zuriyarmu ta rubuta sunanta, shi ma ba nata ba ne.

Mun bi sawun mutumin da ya mutu tun kafin a haifi yawancinmu, mun gano ranar baftismarsa da hanyar da ya bi zuwa makaranta, mun wanke ƙashinsa da lemun tsami mun kwantar da shi a kan tayil. Wadda ta wanke shi yana da rai, tana gabanmu tana tari, mun kasa gano inda ruwa yake zubo mata. Kuma babu wanda ya ɗaga mata hannu ko ya zage ta. Kowa da ladabi ya karɓi nasa, yana kiranta Yaya, yana cewa al'ada ce, don lafiyarta ne, sai nan gaba. Al'adar da ta san darajar ƙashi haka, ban san yadda aka yi ta manta cewa ƙashin nan a cikin mutum yake fara zama ba.

Baffa ya zo da Kirsimeti kamar yadda ya ce. Ya kawo masu fenti suka sake shafe tugun, ya sa aka rushe bukkar, aka zuba tsakuwa a wurin saboda baƙi su riƙa samun inda za su ajiye mota. Da zai tafi ya tsaya a ƙofar tsohon gidan, ya dubi ganyen da ya taru a kan tsani, ya juyo gare ni da ɓacin rai.

"Lamria, wai wa yake share wurin nan ne a da? Ku nemo shi mana, ya ci gaba."